Inda Yaro Ke Tuƙa Jirgin Sama Kafin Ya Isa Tuƙa Mota

A ƙasar Ingila doka ba ta yarda mutum ya tuƙa mota a kan titi ba sai ya cika shekara 17. Amma akwai wata ƙungiya ta samari da 'yammata a can inda ɗan shekara 16 kan tashi da jirgi shi kaɗai, ya yi shawagi, ya sauko lafiya. Sunan ƙungiyar Air Training Corps, kuma rundunar mayaƙan sama ta Ingila ce ke ɗaukar nauyinta.

An kafa ta ran 5 ga Fabrairu, 1941, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ci, domin a shirya samari kafin su shiga aikin sojan sama. Da aka gama yaƙi ba a rushe ta ba, sai aka mai da ita wurin tarbiyya da koyon harkar jirage. Tun farkon shekarun 1980 aka fara karɓar 'yammata. Ana shiga daga shekara 12, a bari in an kai 20. Ba a tilasta wa kowa zama soja daga baya. Iyaye kan biya ɗan kuɗi kaɗan ne, kayan sarki kuwa da shiga jirgi duk kyauta, watau ɗan leburan da ɗan attajiri layi ɗaya su ke bi.

Jirgi iri biyu ake sa yaran a ciki. Na farko ƙaramin jirgi ne mai inji da kujeru biyu, wanda ake kira Grob Tutor, an fara aiki da shi a 1999. Yaro kan zauna kusa da ƙwararren matuƙi, an ɗaura masa lema saboda tsautsayi. In an lula sama, sai matuƙin ya sakar masa sandar tuƙi ya gwada. Wanda ke da ƙarfin zuciya har alkafura akan yi da shi.

Na biyu shi ne abin mamaki, don ba shi da inji ko kaɗan. Sunansa Viking, ƙungiyar ta fara amfani da shi a 1984. To, yaya abin da ba shi da inji zai tashi? Ana ɗaura masa doguwar igiya, wani inji da ke can ƙarshen fili ya naɗe ta da sauri, jirgin ya ɗaga kamar yadda yara ke tada filfilo. In ya kai wajen ƙafa 1,000, matuƙi ya saki igiyar. Daga nan sai dabara. Duk wanda ya taɓa ganin ungulu ko shirwa na kewaya sama da tsakar rana ba tare da kaɗa fiffike ba, ya ga asirin abin. Rana kan gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi, tsuntsu ya shiga cikinta ya yi ta zagaye tana ɗaga shi. Haka matuƙin wannan jirgi ke yi. In bai sami irin wannan iska ba, cikin minti biyar ko shida ya dawo ƙasa, kuma dole ya sauka daidai tun karon farko, gama ba injin da zai sake ɗaga shi.

Ba a barin yaro shi kaɗai sai malaminsa ya tabbata ya iya sauka, ya kuma san abin da zai yi in igiya ta tsinke ana cikin tashi. Wanda ya ci wannan jarrabawa akan ba shi lambar fukafukai masu launin azurfa ya maƙala a rigarsa. Yawancin malaman nan 'yan sa kai ne, masu ba da Asabar da Lahadinsu.

Sai dai harkar sama ba ta son ganganci. A watan Fabrairu na 2009 jiragen Tutor biyu sun yi karo a kudancin yankin Wales, yara biyu da matuƙa biyu suka rasu. Sa'an nan a watan Afrilu na 2014 aka dakatar da tashin jiragen shawagin ƙungiyar baki ɗaya, saboda an ga takardun gyaransu ba su cika yadda za a tabbatar da lafiyarsu ba. Aka ɗauki shekaru ana dubawa. A 2016 gwamnati ta ba da sanarwar rufe 14 daga cikin makarantun shawagi 26, kana a 2018 aka yi ritaya da wani nau'in jirgin mai suna Vigilant. Yara da yawa suka shiga ƙungiyar, suka girma suka fita, ba su taɓa hawa jirgi mara inji ba.

Abin lura a nan shi ne, ba rashin yara masu sha'awa ya jawo wannan asara ba. Sakaci ne wajen rubuta abin da aka gyara da ranar da aka gyara shi. An dai ci gaba da tashi da Viking a makarantun da suka rage, amma yaron da gidansu ke nesa da su, sai ya yi doguwar tafiya kafin layi ya zo kansa.