Ajiya Maganin Wata Rana: Gajerun Umarnin Git

A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya ci Wad Madani, mun ga jama'a sun kwararo nan Fau, hedkwatar aikin noman Rahad, da yawansu daga su sai rigar jikinsu. Ɗalibin da ya bar kwamfutarsa a baya, in dai ya riga ya tura aikinsa GitHub, aikin yana nan.

Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, tana adana tarihin kowane gyara cikin kwamfuta, ko babu intanet. Sai wajen turawa ake neman layi. Layinmu kuwa mun san halinsa: an katse shi a 2019, da 2021, da kuma 2024. To, in ya samu, ba a wasa da minti guda.

Nan gajerun umarni suke da rana. Rubuta git config --global alias.tura push sau ɗaya. Daga nan git tura ya wadatar. Wanda ya ari kwamfuta kuwa, git clone --depth 1 zai kwaso masa aikin ƙarshe kaɗai, ba tare da cinye data ba.

Matasanmu, kada ku kwana ba ku tura ba.