Masu Ƙin Gwamnati a Kujerar Gwamnati

A watan Nuwamba na 2023 mutanen Wichita, birni mafi girma a jihar Kansas ta Amurka, suka zaɓi wata tsohuwar 'yar jaridar talabijin mai suna Lily Wu a matsayin magajiyar gari. Ta kayar da mai ci, Brandon Whipple. Abin da ya ja hankalin masu bibiyar siyasa shi ne rajistarta: ba ta Dimokurat, ba ta Rifablikan, sunanta na cikin littafin jam'iyyar Libateriyan. Sai dai wanda ya shiga rumfar zaɓe a ranar bai ga sunan jam'iyyar a jikin takardar ƙuri'a ba, domin zaɓen magajin garin Wichita ba a yin sa da tutar jam'iyya. Yawancin nasarorin 'yan Libateriyan a irin wannan fili suke zuwa, inda ake duban mutum, ba a duban inuwar da ya fito.

An kafa jam'iyyar ranar 11 ga Disamba 1971 a jihar Kolorado, David Nolan na cikin jagororin tafiyar. Aƙidarta ba ta da wuyar faɗi. Mutum shi ke da iko da jikinsa da dukiyarsa, kuma babu wanda ke da hurumin fara amfani da ƙarfi a kansa, ko da gwamnati ce. Daga nan suke neman a rage haraji, a sassauta dokokin kasuwanci, a daina tura sojoji yaƙi a ƙasashen waje, a bar baligi ya yi abin da ya ga dama da rayuwarsa muddin bai taɓa wani ba. Masu zafin cikinsu ma cewa suke haraji sata ne, ba ragi. Mai karatu na iya yarda da wani sashe ya ƙi wani, kuma Amurkawa da yawa haka suke yi.

A zaɓen shugaban ƙasa ba su taɓa kusantar nasara ba. Ƙoƙarinsu mafi girma shi ne na 2016, lokacin da Gary Johnson, tsohon gwamnan New Mexico, ya samu ƙuri'a kusan miliyan 4.5, wato kashi 3.3 cikin ɗari. Jo Jorgensen ta samu kashi 1.2 a 2020, Chase Oliver kuma bai kai rabin kashi ɗaya ba a 2024. Majalisar dokoki ta tarayya ma ba su taɓa cin kujerarta da ƙuri'a ba. Justin Amash na jihar Michigan ya zauna a cikinta da sunan Libateriyan a 2020, amma a Rifablikan aka zaɓe shi, daga baya ya sauya sheƙa. Tsarin zaɓen ne ke danne su: kowace mazaɓa mutum ɗaya take fitarwa, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka. Mai zaɓe yana tsoron ya ba ƙaramar jam'iyya ƙuri'arsa ya wayi gari wanda ya fi ƙi ne ya ci. Ga kuma dokokin jihohi da ke tilasta wa ƙananan jam'iyyu tara dubban sa hannu kafin sunansu ya hau takarda.

Da an sauko ƙasa kuwa, sai lissafin ya canja. Amurka na da ƙananan hukumomi kimanin 90,000, da zaɓaɓɓun masu muƙami kusan rabin miliyan. Wanda ya saba da ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya zai yi mamakin wannan adadi, amma a can ba ciyaman da kansila kaɗai ake zaɓe ba. Ana zaɓen 'yan hukumar makarantu, da hukumar ruwa, da ta kashe gobara, da ta ɗakin karatu. A wasu wurare har hukumar kula da maƙabarta da ta yaƙi da sauro. Da yawa daga cikin kujerun nan babu albashi, ko kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wani lokaci ranar rufe rajista kan zo babu wanda ya nema. A jihar Pennsylvania 'yan Libateriyan sun mayar da wannan dabara: su bi ƙauye ƙauye su gano kujerun da babu ɗan takara, irin su mai binciken kuɗin gari da jami'in rumfar zaɓe, su tsayar da mutanensu. Duk da haka, in aka haɗa zaɓaɓɓunsu a faɗin ƙasar ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Tambayar da ta fi adadi muhimmanci ita ce, me mutumin da ya yi imani gwamnati ta cika yawa yake yi in aka miƙa masa makullin ofis? A birnin Washington ana iya yin shekara ana gardama kan aƙida. A majalisar gari kuwa, gwamnati ita ce ramin da ke kan titi, da motar kwasar shara, da motar kwana-kwana da za ta zo ko ba za ta zo ba. Mutanen da suka zaɓe ka kuma za ka haɗu da su gobe a kanti.

Jeff Hewitt misali ne na wanda ya fahimci wannan. Sana'arsa gina wurin ninƙaya, ya zama ɗan majalisa sannan magajin ƙaramin garin Calimesa a Kalifoniya. Ya tarar kuɗin da garin ke biya don hukumar kashe gobara ta jiha da ta gunduma su kula da shi yana hauhawa kowace shekara, kuma fanshon ma'aikata na cikin abin da ke tura shi sama. Bai ce a rushe aikin kashe gobara ba. Ya jagoranci garin ya fita daga kwangilar, ya kafa tasa hukumar a 2018 da tsarin fansho mai sauƙi. Abin lura a nan, ɗan Libateriyan ya rage kashe kuɗi ta hanyar kafa sabuwar ma'aikatar gwamnati. Ƙungiyar 'yan kwana-kwana ba ta ji daɗi ba, amma a ƙarshen wannan shekara aka zaɓe shi cikin mutum biyar da ke tafiyar da gundumar Riverside, mai mutane fiye da miliyan biyu. Lily Wu ma, babbar maganarta a yaƙin neman zaɓe ita ce tsaro da cike gurbin 'yan sandan da suka yi ƙaranci. Kuma a tsarin Wichita magajin gari ƙuri'a ɗaya ce cikin bakwai, manajan birni ne ke gudanar da ayyukan yau da kullum. Duk abin da Wu take so sai ta shawo kan mutum uku.

Akwai kuma waɗanda suka zo da gatari. A 2001 wani ɗalibin jami'ar Yale, Jason Sorens, ya kawo shawarar masu wannan ra'ayi su yi ƙaura su taru a jiha guda don ƙuri'arsu ta yi nauyi. A 2003 suka zaɓi New Hampshire. Ya kamata a bambance: yawancinsu ba da sunan jam'iyyar Libateriyan suke takara ba, da yawa ta Rifablikan suke bi, amma aƙidar ɗaya ce. A 2004 wasu daga cikin masu ra'ayin suka nufi ƙauyen Grafton, mai mutane dubu ɗaya da 'yan kai, wanda dama ba shi da dokar tsara gine-gine. Suka riƙa cika taron gari, inda kowane mazauni ke da ƙuri'a kan kasafin kuɗi, suka zaftare kasafin da kusan kashi 30 cikin ɗari. Hanyoyi suka lalace, ƙararraki suka yi wa hukumar garin yawa. Sannan ga dabbar beyar, wadda ta saba da shara da abincin da wasu ke ajiye mata, har ta kai ga far wa wata mata a cikin gidanta a 2012. Ɗan jarida Matthew Hongoltz-Hetling ya rubuta littafi a kan lamarin a 2020. Adalci dai a faɗa, dabbobin sun ƙaru a sassan jihar da dama, ba a Grafton kaɗai ba, kuma garin ya daɗe da ƙyamar haraji tun kafin baƙin su iso.

Abin da ya faru a Croydon ya fi wannan fitowa fili. Shi ma ƙauye ne a New Hampshire, mai mutane kimanin 800. A watan Maris na 2022, ranar da dusar ƙanƙara ta hana mutane fita, wani ɗan majalisar garin mai wannan ra'ayi, Ian Underwood, ya kawo ƙudurin a rage kasafin makaranta daga dala miliyan 1.7 zuwa 800,000. Mutum 20 suka amince, 14 suka ƙi, ƙudurin ya wuce. Bai karya doka ba ko kaɗan. Ya zo taro ne, wasu ba su zo ba. Da labari ya bazu, iyaye suka bi gida gida. Doka ta ce sai rabin masu rajista sun fito kafin a warware hukuncin. A watan Mayu suka fito, aka mayar da kasafin da ƙuri'a 377, biyu kacal suka ƙi.

A ganina majalisar gari na amfana da mutum ɗaya mai taurin kai wanda zai karanta kasafi layi layi, ya tambayi dalilin da ya sa aka ba wane kwangila ba tare da gasa ba, ko me ya sa mai aski ke buƙatar lasisi mai tsada kafin ya buɗe shago. Manyan jam'iyyun biyu sukan rufa wa juna asiri a irin waɗannan wurare, baƙo ne ke ɗaga tabarma. Amma tambaya daban, riƙon gari daban. Wanda ya ci kujera don babu abokin takara, ko ya ci ƙuduri don mutane na gida, bai samu yardar jama'a kan aƙidarsa ba, kuma kuskure ne ya ɗauka ya samu.

Riƙe kujerar ma wani aiki ne. Dick Randolph, ɗan Libateriyan na farko da ya shiga majalisar dokokin jiha, an zaɓe shi a Alaska a 1978, ya taka rawa wajen soke harajin kuɗin shiga na jihar a 1980, amma da ya nemi gwamna a 1982 na uku ya zo. Marshall Burt ya ci kujerar majalisar Wyoming a 2020, bayan shekara biyu ɗan Rifablikan ya karɓe ta. Hewitt ma a 2022 ya faɗi, bayan zango ɗaya a gunduma. Zaɓen magajin garin Wichita na gaba zai zo a 2027.