Nauyin Mai Ciki: Abin da Sikeli Yake Faɗa Mana

Duk ranar awo, kafin mu auna jini ko mu saurari bugun zuciyar jariri, sai mun ce ki cire takalmi ki hau sikeli. Mata da yawa da ke zuwa daga Wurno, Rabah da Goronyo sukan tambaye ni, “Malama, lambar ta yi kyau?” Gaskiya, lamba ɗaya tak ba ta isa a ba da amsa ba.

Sikeli ba ya ganin tsoka, ba ya ganin jini. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin da ƙasa ke jawo jikinki da shi. Duniyar wata ta fi tamu ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka ƙarfin janta kusan kashi ɗaya ne cikin shida na nan. Shi ya sa a 1969, da Neil Armstrong na Amurka da abokin tafiyarsa suka sauka a can, aka gan su suna tafiya da ɗan tsalle, alhali kayan jikinsu sun kai kimanin kilo 80 a nan duniya. Da za a kai buhun shinkafar Wurno mai kilo 50 can, sikeli zai nuna kilo 8 da ɗoriya, amma mudu nawa ke ciki? Ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Mace mai kilo 60 kuwa kilo 10 za ta nuna, jikinta yana nan yadda yake.

Ko a nan gida, sikelin asibitin ƙauye da namu kan ɗan saɓa. Abin da muke dubawa shi ne bambancin awon yau da na baya. Don haka ki riƙe katinki, kuma in da hali a riƙa auna ki a kan sikeli guda.

Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka. A watanni ukun farko ƙarin kaɗan ne, musamman mai laulayi. Daga nan sai kusan rabin kilo a mako. Ba ƙiba ba ce duka: jariri kimanin kilo 3, sauran mabiyiya ce, da ruwan da yake kwance a ciki, da ƙarin jini, da tanadin shayarwa.

Akwai masu rage cin abinci wai don ɗa ya zo ƙarami, haihuwa ta yi sauƙi. Wannan yana damu na ƙwarai. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba ya fi saurin kamuwa da sanyi da cututtuka, uwar kuma ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Ki ci wake, ƙwai, kifi, zogale da nono, ki kuma sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki.

Idan kuwa nauyi ya hau farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ruwa ne ya taru, kuma yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga. Maigida, kada a jira ranar awo. A nemi mota a kai ta asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne, a tafi da katin.