Fasfo: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A ƙasar Kurfai tafiya gado ce. Da zarar an kammala girbin hatsi a Dallol Bosso, sai samarin Filinge da ƙauyukanta su kama hanyar kurmi: Kumasi, Abijan, Lome, Kwatano. Dattawa kuwa, burinsu Makka. Wani sai ya sayar da shanu a kasuwar Lahadi ta Filinge kafin kuɗin kujera su cika. Amma da yawa daga cikin matafiyan nan ba su san cewa fasfo yakan mutu tun kafin ranar da aka rubuta a cikinsa ba.

Ga yadda abin yake. Fasfon da Nijar ta saba bayarwa shekara 5 yake yi. Sai dai ƙasashe da dama ba sa karɓarsa idan ya kusa ƙarewa. Saudiyya tana neman ya kasance da sauran wata 6 a ranar da maniyyaci zai shiga ƙasar. Ke nan fasfon da zai ƙare ranar 10 ga Disamba, a wurinta ya riga ya mutu tun 10 ga Yuni. Faransa da sauran ƙasashen yankin Shengen suna neman sauran wata 3 bayan ranar da baƙo zai bar ƙasarsu. Dalilinsu shi ne kada rashin lafiya ko wata tangarɗa ta tsayar da baƙo har takardarsa ta mutu a hannunsu. Kamfanin jirgi ma ba ya sassauci, domin idan aka maido fasinja, shi ake ci tara. Saboda haka tun filin jirgin Diori Hamani na Yamai ake tare mutum, ko da ya biya kuɗinsa cif.

Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako 2 su fice, ƴan Nijar da yawa suka dawo hannu wofi. Najeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba da damar zama kwana 90 ba tare da biza ba, amma da sharaɗin takardar tafiya mai rai da katin rigakafi.

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, ƙawancensu na AES ya ƙaddamar da nasa fasfo. Hukumomi sun bayyana cewa tsohon yana aiki har wa'adinsa ya cika, CEDEAO kuma ta ce a lokacin za ta ci gaba da karɓarsa har sai ta ba da wata sanarwa.

Wahalar Bakurfaye ita ce nisa. Ofishin DST mai bayar da fasfo yana Yamai, kimanin kilomita 180 daga Filinge, ga kuɗin mota, ga masauki, ga jira. Wanda ya tashi sabuntawa ana gobe tafiya, ya makara. Ya kamata duk mai niyya ya buɗe fasfonsa yau, ya duba ranar ƙarewa, ya cire wata 6 daga ciki. Wanda bai yi lakwal ba ya nemi ɗansa ko malamin makaranta ya karanta masa, tun kafin ya kai saniya kasuwa.