Squidgy: Kalmar Turanci da Ake Fahimta da Yatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da gwanda ya san hannu ne ke fara ciniki kafin baki. Sai ka ɗan latsa ta da babban yatsa. In ta yi tauri, da sauranta. In yatsa ya nutse ya fito da ruwa, ta wuce. In kuwa ta ɗan lotsa, ka ji danshi a ƙarƙashin ɓawo, amma ba ta fashe ba, to ita ce. Wannan hali na uku, mutanen Ingila suna da kalma guda da suke kiransa da ita a hirar gida, wato squidgy, wadda ake furtawa kusan "sikwiji".

Ƙamusoshin Turanci suna yi mata alama biyu: ta Birtaniya ce, kuma ta hira ce, ba a sa ta a takardar ofis. Amurkawa sun fi amfani da 'yar'uwarta squishy. Wannan alama kan sa ɗalibi ya raina kalmar, ya fassara ta da "taushi" ya wuce. Nan ne ake asara, domin abubuwa uku ne suka haɗu a cikinta: taushi, ɗan danshi, da lotsawa in an matsa ba tare da abin ya watse ba. Garin alkama yana da laushi, amma busasshe ne, don haka bai shiga ba. Kunu yana da ruwa, amma ba shi da jikin da za a latsa. Cikin masa mai zafi kuwa, ko soson wanka da ya jiƙa, sun cika sharuɗɗan duka.

A kicin aka fi jin ta, kuma a can yabo ce. Delia Smith, wadda littattafanta suka koya wa gidaje da yawa na Birtaniya girki, tana da wani sanannen kek na cakulan mai ɗauke da wannan kalma a sunansa. Ba a sa masa fulawa, ƙwai ne da sukari da garin koko, shi ya sa cikinsa ba ya bushewa. Kamfanin Soreen na Manchester ma da ita yake tallan burodinsa mai zaƙi da danƙo. A fita daga kicin, sai ta juya: filin ƙwallo da ruwan sama ya jiƙa har takalmi na nutsewa, ko tumatir da ya kwana biyu a kwando, su ma haka ake siffanta su, da ɗan yatsina fuska.

Akwai kuma amfani na uku, na ƙauna. Da ita uwa ke yabon kumatun jaririnta. Ta wannan ƙofa ce kalmar ta shiga tarihi. A watan Agustan 1992 jaridar The Sun ta buga wata hirar waya da aka naɗa a asirce, inda wani abokin Gimbiya Diana yake ta kiranta da wannan suna. 'Yan jarida suka laƙaba wa lamarin Squidgygate, suna kwaikwayon badaƙalar Watergate ta Amurka. A watan Disambar shekarar aka sanar da rabuwarta da Yarima Charles.

Me ya sa Bature ke jin ma'anar tun kafin a bayyana masa? Sirrin yana cikin sautin. Kalmomin Turanci da dama masu farawa da squ suna nuni ga matsa abu mai taushi ko ruwa: squeeze matsewa, squash murƙushewa, squelch ƙarar ƙafa cikin taɓo. Masanin harshe J. R. Firth ya yi bayanin irin wannan dangantaka ta sauti da ma'ana tun 1930.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin abin da Turanci ke yi jefi-jefi, Hausa ta keɓe masa rukuni guda a nahawu, wato amsa-kama. Muna cewa nama ya dahu luɓus, gari ya yi laushi lukwi, kunu ya tsinke tsululu, gyaɗa tana ƙaras-ƙaras. Mun raba yauƙin kuɓewa da danƙon tuwo, mun raba santsi da sulɓi. Bargery ya tattara irin waɗannan da yawa a ƙamusunsa na Hausa na 1934, amma har yau marubucinmu kan ji nauyin sa su a takarda, kamar maganar kasuwa ce kawai.

Wannan jin nauyin ne nake so mu ajiye. Kalmomin nan ma'auni ne da masu girki da 'yan kasuwa suka daidaita da hannunsu shekara da shekaru. Mai fassarar da ya gamu da squidgy ya duba abin da ake siffantawa tukuna: in kek ne, ya ce taushi luɓus da danshi, in fili ne, ya ce ya caɓe, in kumatun jariri ne, ya ce ɓul-ɓul. Malamin Turanci kuwa, kafin ya rubuta ma'anar a allo, ya shigo aji da masa mai zafi a takarda, ya ce kowane yaro ya latsa.