Jinin da Ya Ƙi Jin Birki

Wani magidanci ya sha zuwa asibiti a Malmo, kudancin ƙasar Suwidin, da ciwo iri ɗaya: jini ya daskare masa a jijiya, a yi magani ya samu sauƙi, a jima abin ya dawo. Danginsa da dama ma haka suke fama. Ko makaho ya shafa ya san abin gado ne. To, amma gadon me?

A lokacin, likitoci sun san masu laifi uku. Akwai ƙarancin antitirombin, wanda Olav Egeberg ya gano a wani dangi a Norwe a 1965, sai ƙarancin furotin C da aka gano a 1981, da na furotin S a 1984. Waɗannan sinadarai uku birki ne da jiki ke takawa kada daskarewar jini ta wuce gona da iri. Aka auna su a jinin mutumin, aka tarar kowanne lafiya lau.

Sai Bjorn Dahlback ya sauya tambayar. Ya bar ƙirga birkin, ya koma duba ko yana kamawa. Ya ɗebi ruwan jinin mutumin, ya zuba masa furotin C mai aiki, ya sa agogo. Jinin mai lafiya, in aka yi masa haka, jinkirin daskarewa yake yi. Na wannan ko gezau.

Zato na farko shi ne garkuwar jikinsa ce ke tare furotin C. Bincike bai nuna haka ba, kuma da aka gwada 'yan uwansa aka ga jinin wasunsu ma bai ji birkin ba. A 1993 Dahlback ya wallafa abin da ya gani. Daga nan ya yi tsammanin wani mataimaki ne furotin C ya rasa, don haka ya shiga tace ruwan jinin masu lafiya yana neman abin da ke gyara na majinyacin. Da ya kama shi, sai ga fakta ta biyar, sinadarin da kowa ya sani da ingiza jini ya daskare, wanda kuma mutumin ke da shi isasshe. Nan kai ya ɗaure.

A Laidin ta ƙasar Holan aka kwance ƙullin a 1994, a hannun Rogier Bertina da abokan aikinsa. Furotin C almakashi ne, aikinsa ya datse fakta ta biyar idan ta gama nata. Da suka karanta ƙwayar gadon da ke ƙera ta, sai suka ga harafi ɗaya tak ya sauya a gurbi na 1691. Wannan ya musanya tubali na 506 na jikin furotin ɗin, daidai inda almakashin ke fara kamawa. Ashe almakashin da kaifinsa, madatsar ce ta ɓata. Aka raɗa wa sauyin sunan Laidin, ko da yake a ganina Malmo ma ta cancanci kaso, tunda ita ta fara gano sawun ɓarawon.

Yawansa ya fi ba da mamaki. Kusan 5 cikin 100 na Turawa na ɗauke da shi, kuma ana samunsa a kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda jini ya daskare wa a jijiyar ƙafa a Turai. Tsakanin 'yan Afirka kuwa da ƙyar ake cin karo da shi. Mu namu gadon da ke ƙara wannan haɗari sikila ce. Yawancin masu ɗauke da sauyin Laidin har su tsufa ba sa ganin komai, sai in ya samu abokin tafiya, kamar juna biyu, tiyata ko doguwar kwanciya. Masu binciken Laidin sun ga idan ya haɗu da ƙwayar tsarin iyali haɗarin na ninkawa fiye da sau 30.

Saura tambaya ɗaya: yaya aibi irin wannan ya bazu haka, alhali alamu sun nuna daga kaka ɗaya ya fito fiye da shekara 20,000 da suka wuce? Amsar da ake kyautata zato daga Malmo ta sake fitowa. Da aka duba matan da suka haihu a can, masu ɗauke da shi sun fi sauran tsira daga zubar da jini mai yawa a kan gwiwa.