CIWON KARKARWA DA WAHALAR RIƘON FITSARI

A ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar sauran wurare, mu kan ga dattijo wanda hannunsa ya ke rawa ko yana zaune, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku, muryarsa kuma ta yi ƙasa. Wannan kowa yana gani. Amma akwai wata wahala da ta kan bi ciwon a ɓoye, wadda mai ita ba ya so ya faɗa ko ga matarsa, wato fitsari ya matsa masa farat ɗaya, ya kuɓuce kafin ya kai bayan gida. Saboda wannan ne waɗansu iyayenmu su ka daina zuwa kasuwa da biki, har da sujada ran Lahadi. Maƙwabtanmu Musulmi ma su kan shiga damuwa ƙwarai saboda tsarki da alwala. Muna so masu karatu su sani wannan wahala reshen ciwon ce, kuma akwai abin da za a yi a gida a rage ta, ba da ko kwabo ba.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci suna kiransa ciwon Fakinsan, da sunan Jems Fakinsan, wani likita na birnin Landan wanda ya bayyana shi a rubuce a shekarar 1817. A cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu ƙwayoyi masu yin wani sinadari da a ke kira dofamin, wanda ya ke sa motsin jiki ya tafi daidai. Sa'ad da ƙwayoyin nan su ke mutuwa kaɗan kaɗan, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya kama rawa. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, ba a kuwa ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne su ke da shi. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya yi fama da shi tun daga 1984 har rasuwarsa a 2016. Har yanzu ba a sami maganin da zai kawar da shi ba, amma ƙwayar lebodofa tana sauƙaƙa motsi ƙwarai.

Ƙwaƙwalwar nan ita ce kuma ta ke ce wa mafitsara, "Dakata tukuna." Idan wannan umurni ya yi rauni, sai mafitsara ta riƙa matsewa tun ba ta cika ba. Hanji ma ya kan yi sanyin aiki, bayan gida ya yi tauri. Hanjin da ya cika kuwa yana danne mafitsara, ya ƙara mata rashin haƙuri.

Kada mu haɗa wannan da yoyon fitsari na mata, wanda doguwar naƙuda ta ke kawowa. Wancan huda ce a jiki, aikin tiyata ne maganinta, kamar yadda a ke yi a cibiyar Gesse ta Birnin Kebbi.

Ragayar da ke cikin jiki

Kowa ya san ragaya, yadda ta ke riƙe da ƙwaryar nono a rataye. Haka nan a can ƙasan mara akwai tsokoki a shimfiɗe daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya. Su ne su ke tallafe mafitsara da ƙarshen hanji, da mahaifa ga mace, su ne kuma su ke tsuke ƙofar fitsari da ta bayan gida. Namiji yana da su, mace tana da su. Tun da ya ke tsoka ce, ana iya horar da ita kamar damtsen manomi. Wani likitan mata na Amurka, Anold Kegel, shi ya yaɗa wannan horo a 1948. Daga baya likitoci a Amurka da Ingila sun gwada shi ga masu ciwon karkarwa, su ka ga yana rage musu damuwar fitsari. Ba ya warkar da ciwon kansa, gara mu faɗi gaskiya.

Yadda a ke yi

Mai ciwon ya kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe. Ya tsuke ƙasansa ya ja sama, kamar wanda iska ta matsa masa a cikin taro yana hana ta fita. Kada ya ƙame ciki, ko cinya, ko ɗuwawu, kada kuma ya riƙe numfashi. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, sa'an nan ya saki sarai, ya sāke ƙirga uku. Sakin nan muhimmi ne daidai da tsukewar, gama ciwon ya kan sa tsoka ta ƙi sakewa, abin da ke hana bayan gida fita. Ya yi haka sau 8 zuwa 10, sau uku a yini. Da ƙarfi ya samu, sai ya ƙara ƙirgar har goma, ya riƙa yi a zaune, daga baya a tsaye. Kada a mai da tsai da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama horo, gama wannan yana hana mafitsara juyewa sarai.

Abu biyu za su taimaka. Na fari, a yi horon lokacin da magani ya kama jiki, motsi ya yi sauƙi. Na biyu, a ƙirga da murya, domin masu wannan ciwo sun fi iya motsi idan suna bin sauti. A ɗaura shi ga abin da a ka saba yi kullum, misali bayan addu'ar safe, da bayan abincin rana, da kafin kwanciya. A yi haƙuri wata uku cur kafin a ce bai yi amfani ba.

Sa'ad da fitsari ya matsa

A nan ne yawancin mutane su ke kuskure, su zabura da gudu. Gaggawa tana ƙara tsokanar mafitsara, ga mai ciwon karkarwa kuwa ta kan sa ƙafafu su kafe a ƙasa, ya faɗi. Karayar ƙugu ga tsoho ta fi jiƙa wando muni nesa. In ya matsa, a tsaya cik, ko a zauna. A tsuke tsokar nan da sauri sau biyar, a ja numfashi a hankali, a jira matsin ya lafa, gama ya kan lafa. Sa'an nan a tafi a natse.

Yana da kyau kuma a sa wa fitsari lokaci. Wanda ya ke zuwa kowace sa'a, ya tafi bisa agogo, bayan mako guda ya ƙara minti 15, da haka da haka har ya kai sa'a biyu ko uku.

Aikin mutanen gida

Mai wannan wahala ya kan ƙi shan ruwa don tsoro. A zafin watan Maris da Afrilu na ƙasar Kebbi wannan hatsari ne, yana kawo jiri da taurin bayan gida, fitsari kuma ya yi kauri ya ƙara matsi. A ba shi ruwa sosai da rana, a rage sa'a biyu kafin barci. A rage goro da shayi da kofi, gama suna tsokanar mafitsara. A yawaita zogale, da rama, da miyar kuɓewa, da wake, da gwanda domin hanji ya saki. Idan likita ya yarda, a sha lebodofa kamar rabin sa'a kafin abinci, gama nama da nono su kan rage shigarta jiki.

Hannun da ke rawa ba ya kwance mazagi da sauri. A kai wa tela ya sa roba a wando. A share hanyar bayan gida daga tabarma da igiya da turmi, a ajiye fitila da fo kusa da gado. Tsugunno yana taimakon fitar bayan gida, amma tashi yana da wuya, saboda haka a kafa itace mai ƙarfi a bakin masai don kamawa, ko kafinta ya yi kujera mai huda.

Mun san kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari, da suruki da surukarsa. To, a nemi wanda bakinsa zai iya, miji ko mata, ko aboki, ko babban jika wanda su ke wasa da shi. In hatsari ya faru, a wanke a yi shiru. Faɗa da tsaki su ne su ke sa tsoho ya ɓoye, ya daina shan ruwa.

Lokacin zuwa asibiti

Kafin a fara horon, a gaya wa likita a fili, gama ciwon sukari, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da kumburin furostet ga maza su ma su kan kawo irin wannan. Kada a sayi maganin tsai da fitsari a kemis haka kawai. Waɗansunsu, har da ƙwayar Artane da a kan ba masu karkarwa, suna busar da hanji, su riƙe fitsari, su rikita tunanin tsoho. Idan an ga jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita sam, ko mai ciwon ya ruɗe farat ɗaya, a kai shi a ranar.

Mutanen Gwandu da Kalgo suna da babban asibitin jiha a Kalgo, da asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A manyan asibitoci ne a ke samun sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, inda za a duba ko mutum yana tsuke tsokar da ta dace. Kafin a tafi, a rubuta na kwana uku lokacin da ya sha ruwa, da lokacin da ya yi fitsari, da lokacin da ya kuɓuce masa. A riƙe takardar nan tare da dukan magungunan da ya ke sha, a miƙa wa likita.